Darasi na Sha Ɗaya: Haƙƙin Dawa da Haƙƙin Ruwa a Kan Mai Cin Arzikinsu

Duk wanda ya taɓa kwana a Hunkuyi ko Kudan ko Likoro a tsakiyar rani, bayan an tsince auduga an kai dawa rumbu, hunturu kuma ya fara sassautawa, ba zai rasa jin ƙahon mafarauta da asubahi ba, da haushin karnuka suna amsa wa juna daga unguwa zuwa unguwa, har samari su fito da gora da barandami, kowa yana jan karensa da igiya, a taru a bakin gari ana jiran sarkin dawa ya ba da izinin tashi. Wannan al'ada ta girmi kowa a cikinmu, kuma ban ɗauki alƙalami don in zarge ta ba, domin na ci naman zomon da aka kamo a cikinta, na kuma san irin zumuncin da take ƙullawa tsakanin garuruwa. Dalilin da ya sa muka keɓe mata darasi guda shi ne wata tambaya da kowane dattijo a wannan aji ya sha yi wa kansa: me ya sa rundunar da a da take dawowa da gada da mazo da barewa a kafaɗa, yau sai ta wuni a daji, wani lokaci ma sai an cika mota an tafi wata jiha, sa'annan a dawo da zomo biyu da gafiya da 'yan fakara?

Sunayen garuruwanmu ma sun isa su sa mutum tunani. A ƙasar Makarfi akwai Gwanki da Ɗandamisa, a ƙasar Kudan akwai Doka, a ƙasar Ikara kuwa akwai Kurmin Kogi; ga sunan dabba, ga na itace, ga na kurmi, alhali yaron da aka haifa a Gwanki a wannan zamani zai iya yin furfura bai taɓa ɗora ido a kan gwanki ba, wannan babbar dabba mai lanƙwasassun ƙahoni da dogayen kunnuwa, wadda girmanta ya kusa na doki. Sannu a hankali abin ya faru. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ta ratsa ta Zariya da Likoro da Gimi, auduga da gyaɗa suka zama kuɗi, gonaki suka yi ta cin daji. Daga baya rake da tumatir da albasa da tattasai suka mamaye fadamun da namun dawa ke sauka shan ruwa da rani. Jama'a kuma ta yawaita. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, kuma a wannan ƙidaya ta biyu ƙaramar hukumar Kudan kaɗai, wadda hedikwatarta take nan Hunkuyi, tana da mutum kusan 139,000 a kan ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 400. Inda mutum kusan 350 suke neman abinci a kan murabba'in kilomita guda, ɓauna ba ta da wurin kwanciya.

Yawan zuriya ni'ima ce, noma kuma ibada ne ga mai ciyar da iyali, saboda haka babu mai hankalin da zai ce a mayar da gonaki daji. Amma ɗan abin da ya rage mana, wato gefen rafi da kan dutse da saura da burtali da kududdufi, yana nan da sauran rai a cikinsa, kuma abin da ke ƙarasa shi ayyuka ne na hannunmu waɗanda muna da ikon bari: wuta, da guba, da kisa ba a kan lokaci ba.

Hukuncin farauta a wurin malamai

Kafin mu nemi shawara a nesa, ya kamata mu fara da littafin da ke cikin zaurukanmu. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wadda da wuya ka sami almajirin fiƙihu a ƙasar Zazzau da bai durƙusa da ita gaban malami ba, ta haɗa farauta a babi ɗaya da layya da yanka da ragon suna da kaciya, kuma wannan haɗi kaɗai ya isa ya nuna cewa magabata ba su ɗauki zubar da jinin dabba abin wasa ba. A can aka bayyana cewa farauta don nishaɗi kawai makaruhi ce, farauta don bukata kuwa halal ce. Masu sharhi na baya suka ƙara da cewa takan zama wajibi ga wanda ba shi da wata hanyar ceton iyalinsa daga yunwa, takan kuma zama haram idan ta kai ga tozarta salla ko ɓarnata dukiyar mutane. Rundunar da ta ratsa cikin gonar albasa ta tattake ta don bin zomo guda, sai ta duba a wane ɓangare na wannan hukunci ta faɗa.

Sharuɗɗan cin naman su ne mafi yawan samarinmu suka jahilta, kuma a nan nake roƙon a natsu. Dole ne mafarauci ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah a lokacin da yake sakin kibiya ko sakin kare. Karen kuma sai ya zama mai horo, wanda in an tura shi zai tafi, in an kira shi zai dawo, kuma maigidansa ne ya tura shi, ba shi ya zabura da kansa ba. Idan aka riski dabbar da sauran ranta, wajibi ne a yanka ta. Wadda aka buga da gora ko kulki har ta mutu ba a yanka ba, mushe ce, domin aya ta uku ta Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da duka ya kashe cikin abubuwan da aka haramta, sai in an riske ta da rai an yanka. Haka nan wadda ta mutu a tarko, haka nan wadda wuta ta cinye. Bindiga kuwa, malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya kashe, tun da yana hudawa ya zubar da jini, matuƙar an yi bisimilla a lokacin harbi. To, mutum nawa ne cikin masu fita da gora suke rataye da wuƙa mai kaifi saboda wannan hukunci?

Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya dace da halinmu kamar don mu aka faɗe shi. A wata tafiya sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta; a cikin wannan tafiya kuma ya ga gidan tururuwa da aka ƙona, ya yi hani ga azabtarwa da wuta. Mai kwashe ƙwan zabon daji da damina, da mai cinna wa daji wuta da rani, kowannensu yana da rabonsa a cikin wannan hadisi.

Abin da tsohon maharbi ya koya mini

Hausawa sun bambanta mafarauci da maharbi. Mafarauta runduna ce, da kiɗa da kirari da karnuka. Maharbi kuwa shi kaɗai yake shiga, da kwari da baka da kibau masu dafin kwankwani, ko da adaka, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshinsa ya yi rarrafe cikin ciyawa yana gyaɗa shi, har dabba ta ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Ina yaro, ƙanen kakana maharbi ne, kuma sau ɗaya tak ya yarda na bi shi. Mun fita kafin gari ya waye, yana tafe yana tsayawa, ya ɗebi ƙura da yatsu ya sake ta don ya ga inda iska ta nufa, har muka kwanta a bayan wata kanya kusa da mashaya, sanyi yana ratsa ni, ban isa in yi ko tari ba. Can sai ga gada ta fito daga cikin gamba, tana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, kunnuwanta suna juyawa. Tsohon ya ɗaga adaka ya daidaita, ya daɗe yana kallonta, sa'annan ya sauke bakin bindigar a hankali, muka zuba mata ido har ta sha ruwa ta koma. A hanya na kasa haƙuri na ce, "Kaka, me ya hana ka harbi?" Ya ce, "Kai yaro, ba ka ga cikinta ba? Wannan biyu ce. In na harbe ta, na dafa naman bana da na baɗi a tukunya ɗaya." Ranar da fakara guda muka koma gida, kuma ban ga alamar nadama a fuskarsa ba.

Sai da na girma na gane cewa rabin ilmin maharbi sanin abin da za a ƙyale ne. Gada ɗa ɗaya take haifa a ciki guda, don haka kashe mace ɗaya mai ciki giɓi ne da ba ya cikewa da wuri. Zomo ba ya haƙa rami. A cikin ciyawa uwar take ajiye 'ya'yanta, inda wuta da karnuka suke samunsu. Zabon daji da fakara a ƙasa suke yin sheƙa, kuma duk kwandon ƙwai da yaro ya kawo gida garke guda ne da ba za a ji kukansa da kaka ba. Wannan ne ya sa farautar gargajiya take da lokacin buɗewa da na rufewa, ba a fita sai an kawar da amfanin gona, kuma da zarar hadari ya fara haɗuwa sai a rataye ƙaho.

Hukuma ma ta bi wannan hanya da nata salon. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi kashi-kashi, waɗansu ba a taɓa su sam, waɗansu sai da lasisi. An kuma keɓe manyan dazuzzuka: Yankari a ƙasar Bauchi tun 1956, Falgore a kudancin Jihar Kano, wanda bai yi nisa da ƙasar Ikara ba, da Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun tarayya a 1999. Keɓe wuri kuwa ba baƙon abu ba ne a shari'a. Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya wallafa littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da yadda ake mallakarta da abin da ake bari don maslahar jama'a. Hurumin gari da burtali da mashaya da muka gada duk daga wannan tushe suke. A ra'ayina, babu abin da zai hana dagaci da limami da sarkin dawa na kowane gari su zauna su ayyana wani yanki na gefen rafi ko gindin dutse, su ce ba farauta, ba sara, ba wuta a cikinsa har shekara uku. Domin dabbar da ta hayayyafa a wurin da aka rufe ba ta san iyaka ba, za ta fantsama zuwa inda aka buɗe.

Wuta

Na taɓa ganin yadda gafiya guda ta jawo asarar shekara. Yara uku ne suka sami raminta a bakin wata gona, suka cusa busasshiyar ciyawa suka kunna don hayaƙi ya koro ta, iskar hunturu ta fizgi tartsatsi ta jefa cikin tarin karan dawa, kafin a ce kwabo wuta ta kama shingen zana ta tsallaka cikin rake. Mutanen gari suka fito da ɗanyen ganye da bokitai, amma sai da ta ci abin da za ta ci. Da la'asar na ga mai gonar, dattijo ne, tsugune a bakin kunya yana juya wani baƙin guntun rake a hannunsa, ba ya ce wa kowa komai, shi da ya yi wata da watanni yana ban ruwa da lissafin abin da zai samu in ya kai mazarƙwaila kasuwa.

Irin wannan asara kowa yana ganinta. Wadda ba a gani ta fi ta girma, domin kara da ganye da ciyawar da suka kwanta a ƙasa su ne abincin ƙasar, gara da tana suke nukurkusa su su zama taki. Idan wuta ta ci su, sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya yana bin hayaƙi ya tafi, tokar da ta rage iska ta kwashe, ƙasa ta zauna tsirara tana toyuwa har ruwan farko ya sauko da ƙarfi ya wanke samanta ya zuba a rafi, daga nan zaizaya ta fara, 'yar hanyar ruwa ta zama kwazazzabo. Ƙananan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da suka tsiro su ma suna mutuwa, shi ya sa za ka ratsa gonaki ka ga manyan itatuwa tsofaffi jefi-jefi, babu matasa a bayansu. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe da sanin cewa wutar da aka sa da gangan a farkon kaka, ciyawa da sauran danshi, ba ta yin ɓarnar da wutar watan Fabrairu da Maris take yi. Ta ƙarshen ranin nan, wadda ita ce ta mafarauta, ita ce mai kashe itace har saiwa. Ɓerayen da ta koro kuma gidaje suke nufa, alhali wani nau'in ɓera ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, kuma da rani ya fi tsananta.

'Yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi, waɗanda ruwan samansu bai kai namu ba, sun nuna cewa ƙasa tana farfaɗowa in an ba ta dama. Bayan farin shekarun 1983 da 1984, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a yi ta gyara su shekara-shekara har su zama itace. Wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, kuma an ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. Wuƙa ce da haƙuri. Gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma yi wa dabbobi inuwa da abinci da rani, shi ne kan gaba cikin itatuwan da suka dawo.

Ruwa da kifi

Mu ba Kabawa ba ne, ba kuma a bakin Kwara muke ba, amma muna da rafuka da kududdufai da ƙananan madatsai, ga Kogin Galma da ke wucewa ta gabashin Zariya ya gangara Kogin Kaduna, ga tafkin Tiga da aka kammala madatsarsa a 1974 a Jihar Kano. Kifayen waɗannan ruwaye kowanne da hikimar da Allah ya halitta shi da ita. Tarwaɗa tana jiran ruwa ya cika ya malala cikin ciyawa, sa'annan ta hau can ta zuba ƙwai. Karfasa, uwar takan ɗauki ƙwanta a cikin bakinta, ta ƙi cin abinci har su ƙyanƙyashe, don haka wanda ya kama ta a wannan hali ya kama ɗaruruwa. Gaiwa kuwa, in ruwa ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta yi ta barci har damina ta dawo.

Masunta na da sun san wannan, shi ya sa ake da sarkin ruwa, wanda yake hana shiga gurbi har sai ranar da aka sa, ranar kuwa gari duka ya faɗa da koma da gora. Mafi shahara a wannan tsari shi ne bikin Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa a 2016. Mutane suna mamakin giwan ruwan da ake fitarwa daga kogin Matan Fada, wadda nauyinta kan haura kilo 50, su manta cewa hanin da aka yi wa wurin kafin ranar biki shi ne ya ba ta damar girma.

Yau a wurare da yawa an maye gurbin koma da kwalbar maganin feshi. Mutum ya je da dare ya tsiyaya maganin ƙwarin tumatir a gurbi, da safe kifi ya taso fari fat, ciki sama, manya da ƙanana, da kwaɗi da ƙaguwa da duk wani mai rai. Ya kwashe manyan ya kai kasuwa, a soya a sayar wa yara, shanun Fulani su zo su sha ragowar ruwan, mata kuma su yi wanki a ciki. Magimfar da mutanen da suke dakawa su zuba, ita ma ba abin yabo ba ce, amma ƙarfinta yana gushewa cikin 'yan kwanaki. Maganin kwalba yana zama a laka da cikin naman kifi, ya shiga jikin wanda ya ci. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta su da guba da nakiya da lantarki, shari'a kuwa ta riga ta haramta cutar da Musulmi da sayar masa da abu mai aibi a ɓoye. Kusa da wannan a ɓarna akwai jan gidan sauro a ruwa, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, domin ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Tarun da yatsu uku ba za su shiga idonsa ba, bai kamata ya taɓa ruwa ba. Wanda kuma yake son kifi na sayarwa duk shekara, kiwon tarwaɗa a kwami ya fi masa, tana isa kasuwa cikin wata biyar zuwa shida in ta sami abinci. A kuma lura da yaran da suke wuni a kududdufi: jini a ƙarshen fitsari tsargiya ce, daga ƙananan katantanwar ruwa ake ɗaukarta, tana da magani a asibiti, ba alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu suke zato.

Jikin mai shiga daji

Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa mumini mai ƙarfi ya fi mumini mai rauni alheri da soyuwa a wurin Allah, ko da yake akwai alheri a kowannensu, kuma an ruwaito cewa Annabi ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tsere da Nana A'isha. Kakanninmu garma da gatari ne suka gina musu ƙwanji, da tafiyar ƙafa zuwa kasuwar Makarfi ran Laraba da kaya a ka, da langa da kokawa a dandali bayan kaka, mahauta kuma da dambensu. A Nijar har gasar kokawa ta ƙasa ake yi tun 1975, wadda aka fara a Tawa, ana ba zakara takobi. Yanzu babur ya ɗauke tafiya, maganin ciyawa ya rage noma, sai saurayi ya yi watanni a zaune, rana ɗaya ya tashi zai bi runduna daga asuba zuwa magariba, jiki ya gaza, ya nemi ƙwaya. Tiramol ba ya ƙara wa tsoka komai; ciwo yake rufewa, alhali ciwo ɗan aike ne da jiki yake turowa ya ce a dakata. Ƙarshensa kamu ne da jijjiga irin ta farfaɗiya da gushewar hankali, kuma yawancin faɗan da ake zare barandami a kan zomo guda, in ka bincika, za ka tarar ba a cikin hayyaci aka yi shi ba.

Ƙarfi na gaskiya da tadriji ake samunsa. Mako shida kafin buɗe farauta, mutum ya fara tafiyar sauri ta rabin sa'a bayan sallar asuba, kowane mako ya ƙara kaɗan, daga baya ya goya ɗan buhu mai yashi. Kwana biyu ko uku a mako ya yi tsugunne-tashi har cinyoyi su ɗumama, ya kifa ciki ya riƙa ɗaga jikinsa da hannuwa, ya kama reshe mai ƙwari ya ja kansa sama, ya ɗauki jarka biyu na ruwa, ɗaya a kowane hannu, ya yi tafiya da su bayansa a miƙe. Ya kuma bar kwana guda tsakani, domin a lokacin hutu da barci ne tsoka take ginuwa, da taimakon wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da nono da ƙwai da awara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wajen ɗaga buhu, a durƙusa da gwiwa, a rungumo kayan kusa da ƙirji, a tashi da ƙafafu. Sunkuyawa da baya ita ta kwantar da majiya ƙarfi da yawa tun ba su tsufa ba. Wanda ya haura shekara 40 ya auna jininsa kafin ya fara. A daji kuma a riƙe gorar ruwa, in fitsari ya yi ja to jiki yana neman sha.

Abu biyu ne suke kashe mafarauci bayan ya tsira daga gajiya: saran maciji da cizon kare. In kububuwa ko kasa ko gamsheƙa ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau; a kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji ba tare da jinkiri ba. Karnukan farauta kuma a kai su a yi musu allurar haukan kare kowace shekara, wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin cutar in ta bayyana ba ta da magani.

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowane ɗalibi ya sami mafi tsufan maharbi ko masunci a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya lissafa masa namun dawa da tsuntsaye da kifayen da ya sani a ƙuruciyarsa, ya rubuta sunayensu a layi, ya sa alama a gaban waɗanda har yanzu ake gani, ya kuma tambaye shi a wane wata ake rufe farauta da su a zamaninsu da wanda yake rufewa. Sa'annan ya zagaya gonarsa ya ƙirga manyan itatuwan da ke cikinta da kututturan da suke toho, ya rubuta adadin kowanne da sunansa, ya zaɓi kututture biyar ya ɗaura musu ƙyalle. Ku zo da takardunku ranar Asabar, za mu haɗa lissafin garuruwa a kan allo.